Ta Wace Ƙofa Jirgi Zai Shigo Yau?

Titin saukar jirgi guda ɗaya ne a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke gabas da birnin Katsina, amma baki biyu gare shi, kuma ba ta baki ɗaya jirgi yake shigowa kullum ba. Galibin mutanen gari ba ruwansu da wannan, domin abin da ya dame su shi ne baƙonsu ya sauka lafiya, ya fito da jakarsa. Mu 'yan tsirarun da Allah ya jarrabce mu da son kallon jirage kuwa, tambayar da muke fara yi wa juna da safe ke nan: yau ta ina zai shigo? Jirgin da ya sauka ta bakin da ya saba, an gan shi an wuce wurin. Wanda ya zagaya ya ɓullo ta bakin da ba a saba ba shi ne ake wuni ana labarinsa, ko da kuwa jirgin nan ne dai na jiya da shekaranjiya, da fentinsa da lambarsa.

Ba matuƙi ne yake zaɓar bakin don ra'ayinsa ba, kuma ba ma'aikacin hasumiya ne yake zaɓa don nuna iko ba. Iska ce take zaɓa, su kuma su bi. Abin da yake riƙe jirgi a sama shi ne gudun iskar da take ratsa fukafukansa, ba gudun da yake yi a kan ƙasa ba. Jirgin fasinja irin Boeing 737 yana dosar titi da gudun da ya kai wajen kilomita 250 a awa, to idan ya fuskanci iskar da take kaɗawa da ƙarfin kilomita 30 a awa, fukafukan sun sami abin da suke buƙata, alhali tayoyin za su taɓa kwalta da gudun kilomita 220 kacal, birki ya yi sauƙi, titi ya yi saura. Idan kuwa ya ba iskar baya, lissafin ya juye: zai taɓa ƙasa da gudun kilomita 280, ya ci titi mai tsawo kafin ya tsaya. Shi ya sa kamfanonin da suke ƙera jirage suka sa iyaka, yawancin jiragen fasinja ba a yarda su sauka ko su tashi da iskar baya da ta wuce kimanin kilomita 18 a awa ba, wasu kaɗan an ɗaga musu zuwa wajen 28.

Lambobin da ake rubutawa da farin fenti a bakin titi ma daga nan suka samo asali. Ana duba inda hancin jirgi yake kallo a kan kamfas, a raba digirin da goma. Wanda ya dosi digiri 60, wato arewa maso gabas, ya hau titi na 06. Idan ya shigo ta ɗaya bakin yana kallon digiri 240, titin ya zama na 24, duk da cewa kwaltar ɗaya ce. Tsakanin lambobin biyu kullum 18 ne. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano 06/24 ne, na Kaduna 05/23, na Abuja 04/22, namu na Katsina shi ma haka ya kwanta, daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Duk wanda ya jera waɗannan lambobin zai ga cewa ba haɗuwa ce ta tsautsayi ba. Iska biyu ce take mulkin ƙasar Hausa: ta hunturu mai busowa daga hamada, daga arewa maso gabas, tun wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris, da ta damina mai tasowa daga teku, daga kudu maso yamma. Injiniyoyin da suka shimfiɗa titunan sun ɗora su ne a kan layin da iskokin biyu suke kai da komowa. Jiragen sojan Birtaniya uku da suka fara sauka a Kano a watan Nuwamba na 1925 a filin dawakai suka sauka, inda matuƙi yake da sararin juya hanci ya fuskanci iska. Tun da aka koma kwalta kuwa, dole aka zauna aka karanci iskar shekara kafin a zuba tsakuwa, domin titi ba ya juyawa.

A nan Katsina lamarin yana da ɗan lauje cikin naɗi, saboda filinmu ba shi da cunkoso. Jiragen fasinja na yau da kullum daga kudu suke zuwa, kuma idan iska ba ta da ƙarfi, abin da ya fi sauƙi ga matuƙi shi ne ya miƙe kai tsaye ya shigo ta bakin kudu maso yamma, ya bi ta saman unguwannin kudancin gari, ya huta da zagaye, ya rage ƙona mai. Da hunturu ma haka ne, har ya fi, tunda iskar tana fuskantarsa. Saboda haka a iya lurata, saukar da ta fi wuyar gani ita ce ta ɗaya bakin, wadda sai iskar damina ta yi ƙarfi sosai take tilasta ta. A irin wannan ranar za ka ga jirgin ya wuce gari ta gefe kamar ba nan zai sauka ba, ya nausa arewa, sannan ya karkata fiffike a hankali ya dawo ta kan gonaki yana kallon birni. Kamar baƙon da ya saba shigowa ta Ƙofar Ƙaura ne, ran nan ya kewaye ganuwa ya shigo ta Ƙofar Sauri. Garin ɗaya ne, amma abin da zai gani da waɗanda za su gan shi sun bambanta.

Akwai wani dattijo da yake noma gero a wajen, nesa da shingen filin, wanda nakan tsaya mu gaisa idan na fita da yamma. Bai taɓa shiga jirgi ba, ba shi da babbar waya, amma ban cika ganin ya yi kuskure a wannan fannin ba. Wata rana cikin Agusta na tarar da shi yana gyaran kunya, na ce, "Baba, barka da aiki. Yau ta ina kake ganin zai shigo?" Bai ɗaga kai sama ba. Ya dubi ganyen geron da duk ya kwanta yana nuna gabas da arewa, ya ce, "Ɗana, ai ka gani da idonka. Yau ta kaina zai biyo, ka matsa ƙarƙashin gawon can ka jira." Haka kuwa aka yi. Fitilun gaba suka fara bayyana kamar ba sa motsi, sannan tayoyi suka fito fili, ƙarar ta iso daga baya, inuwar jirgin ta share gonar ta wuce, awakin da aka ɗaure a gefe suka yi ta fizgar igiya. Hancin jirgin bai saitu da titi daidai ba, ya ɗan karkata wajen da iskar take bugowa, sai dab da taɓa ƙasa matuƙin ya miƙar da shi. Dattijon ya ci gaba da aikinsa.

Wanda yake son ya san abin da ake nufi da bakin da ba a saba ba a babban filin da ba ya hutawa, sai ya je Legas. Filin Murtala Muhammed da ke Ikeja tituna biyu gare shi a jere, dukansu daga arewa zuwa kudu: 18R/36L mai tsawon mita 3,900, wanda manyan jiragen ƙasashen waje suka fi amfani da shi, da 18L/36R wanda bai kai shi ba, ta ɓangaren jiragen cikin gida. Haruffan L da R na bambance hagu da dama ne a idon matuƙin da yake dosar titin. A Legas iskar teku ce take da rinjaye kusan duk shekara, don haka jirage daga arewa suke gangarowa suna kallon kudu, ta kan Iju da Agege, su sauka a bakin 18. Duk Bakatsinen da ya taɓa sauka wurin 'yan uwa a Agege ya san wannan ko bai san sunansa ba, domin hira takan tsinke a tsakiyar jimla, a jira jirgi ya wuce, a ɗora daga inda aka tsaya ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. Jirgi yana gangarowa ne a kan gangare mai digiri 3, wato yana rage kimanin mita 52 na tsawo a kowace kilomita, saboda haka wanda yake tsaye kilomita biyu daga bakin titi yana ganinsa a sama da shi da mita ɗari da 'yan kai. A wannan kusancin ana karanta lambar da ke jikinsa ba tare da tabarau ba, a gane 5N na Najeriya, da ET na Habasha, da SU na Masar, da HZ na Saudiyya. Ana ganin baƙin tabon mai a cikinsa, da yadda bayan fukafukan ya buɗe ya sauko hawa-hawa. Mutanen wannan layin sun san kuma cewa zama ƙarƙashin hanyar jirgi ba kallo ne kawai ba: a Iju-Ishaga ne jirgin Dana ya faɗo ranar 3 ga Yuni, 2012, yana dosar wannan filin.

Saukar ta bakin 36 kuwa, daga kudu, ta kan Isolo da Oshodi da Mafoluku, ita ce abin da masu kallon jirage na can suke farauta. Dalilan ƙarancinta sun fi ɗaya. Na farko iskar ce, wadda ba ta cika juyawa daga arewa da ƙarfin da zai wuce waccan iyakar ta iskar baya ba, sai a 'yan kwanakin Disamba da Janairu da hunturu yake kutsawa har bakin teku, ko a lokacin da hadari ya taso ya birkita iska na ɗan lokaci. Na biyu, na'urar da take jagorantar jirgi zuwa bakin titi da siginar rediyo, wadda ma'aikata suke kira ILS, tana da tsada, kuma kowane baki sai an girka masa tasa. A bakin da aka fi amfani da shi ake fara sa ta, wannan kuma ya ƙara sa a fi son bakin, ko da iska ta ɗan juya. Na uku shi ne wanda mutane ba su cika tunawa ba: a filin da jirage suke jere a sama, ɗaya bayan ɗaya, juya alkiblar sauka ba ƙaramin aiki ba ne. Sai an tsayar da masu tashi, an sa waɗanda suke sama su yi ta zagaye, an sake jera su ta ɗaya gefen gari, waɗanda suka riga suka kama hanyar bakin titi a ƙasa su juyo. Ma'aikatan NAMA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar Najeriya, da suke hasumiya ba za su yi wannan don iskar minti biyar ba. Don haka duk ranar da aka ga manyan jirage suna shigowa Ikeja ta kudu, lallai iskar ta yi da gaske.

Ba Legas kaɗai ba ce. A filin Heathrow na Landan, kimanin kashi 70 cikin ɗari na shekara jirage suna sauka ne suna kallon yamma, ta saman tsakiyar birnin, kuma da ƙarfe uku na rana ake musanya titin sauka da na tashi domin mazauna wani layin su sami sauƙin ƙara. Suna da wani tsohon titi da ya ratsa sauran a karkace, mai lamba 23, wanda ba a buɗe shi sai guguwar kudu maso yamma ta yi tsanani. An daina amfani da shi a farkon shekarun 2000, kuma hotunan saukar da aka yi a kansa sun zama abin tinƙaho a hannun masu su. Filin Schiphol na ƙasar Holan tituna shida gare shi, mafi gajartarsu, 04/22, bai wuce kilomita biyu da kaɗan ba, ƙananan jirage ne suka fi hawansa. Amma idan iska mai ƙarfi ta buso daga kudu maso yamma, akan tura jiragen fasinja su sauka a bakin 22, hanyar kuwa ta kan tsakiyar birnin Amsterdam ta bi, sai mazauna su yi ta ƙorafi, masu kyamara su yi ta murna. Abin da na lura da shi a duk waɗannan shi ne, ranar da mai kallo yake jin daɗi ita ce ranar da matuƙi ya fi shan aiki, fasinja kuma ya fi riƙe kujera yana salati. Ya kamata mai wannan sha'awar ya riƙa tunawa da haka, ya rage tsalle.

Yanzu waya ta sauƙaƙa farautar. Manhaja irin Flightradar24 tana nuna jirgi a kan taswira, da tsawon da yake, da gudunsa, da inda ya fito, domin jiragen zamani suna watsa wannan bayanin da kansu, wasu 'yan sa-kai kuma suna kama shi da ƙananan na'urori a rufin gidajensu su tura ta intanet. Matsalar ita ce, a inda masu na'urorin suka yi ƙaranci, kamar yankinmu, jirgi yakan ɓace daga taswira daidai lokacin da ya yi ƙasa, wato lokacin da kake buƙatar sanin ta ina zai juya. Rahoton yanayi na filayen jirage, wanda hukumar hasashen yanayi ta NiMet take fitarwa, ya fi amfani a wurina: yana ba da digirin da iska take fitowa da ƙarfinta, sai ka gwada da lambar titi. Iska daga digiri 230 mai ƙarfi, ka san bakin 23 ko 24 ne. Daga digiri 50, ka san 05 ko 06 ne. Wanda ba shi da ko ɗaya ya dubi tuta, ko hayaƙin gidan burodi, ko shanyar da ke kan igiya. Ya kuma sa ido a gabas da damina, domin hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, kuma iskar da take riga shi isowa takan juya komai cikin 'yan mintuna, jirgin da ya riga ya saitu ya fasa sauka, ya ƙara wuta ya sake hawa. Ba alamar lalacewa ba ce, tsari ne da ake koya wa kowane matuƙi, kodayake a cikin jirgin ba mai yarda da hakan.

Dole in faɗi wani abu a kan tsaro, domin ƙasarmu ba Holan ba ce, inda aka keɓe wa masu kallo wurin ajiye mota a gefen titi. Filin Katsina ba na fasinja ne kaɗai ba, sojojin sama ma suna aiki daga nan saboda halin da yankin yake ciki, kuma jami'in da ya ga mutum a jikin shinge da dogon gilashin kyamara yana da hujjar tsayar da shi. Ko a Turai an taɓa yi: a watan Nuwamba na 2001 an kama 'yan Birtaniya 12 da 'yan Holan 2 a wani sansanin sojan sama a ƙasar Girka suna rubuta lambobin jirage, aka tuhume su da leƙen asiri, sai bayan shekara guda kotun ɗaukaka ƙara ta wanke su. Ni dai ƙa'idata ita ce in tsaya nesa da shinge, a gonar da na san mai ita, ban ɗaukar hoton jirgin soja, ban kuma wallafa lokacin tashinsa ko saukarsa, ko da abokai sun matsa. Saukar da ake nema ma daga nesa ta fi kyan gani, inda za a ga zagayen gaba ɗayansa.

Lokacin da filinmu yake cika ya batse kaɗan ne. Akwai ranakun manyan baƙi, akwai kuma irin ranar 15 ga Yuli, 2025, da aka kawo gawar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari aka wuce da ita Daura, wadda ba ranar kallo ba ce ga kowa. Sai kuma jigilar alhazai, wadda ita ce kakar masu kallon jirage a duk faɗin Arewa. A lokacin ne manya irin Boeing 747, wanda kamfanin Max Air ya daɗe yana ɗibar maniyyata da shi, suke zuwa garuruwan da ba su saba ganinsu ba. Jirgi ne mai inji huɗu da nauyinsa yake kusantar tan 400 idan ya cika, yana ɗaukar mutum fiye da 500 a tsarin kujerun aikin hajji. A wurin irin wannan, zaɓen baki ba batun sauƙi ba ne kuma. Katsina tana kan tudun da ya kai wajen mita 500 daga teku, zafin bazara yana haura digiri 40, iska mai zafi kuwa ba ta da kauri, injin ba ya samun cikakken ƙarfi, fiffike ba ya samun abin kamawa da wuri. Matuƙin da zai tashi da irin wannan kaya zai nemi kowace 'yar iskar gaba da zai samu, ko da zai tafi har ƙarshen titi ya juyo, kuma wannan yana cikin dalilan da suke sa a fi son tashi da dare ko da asuba idan gari ya yi sanyi.

Aikin hajji kuma yana matsowa baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara, tunda da watan Musulunci yake tafiya. A 2024 da 2025 an tsaya Arfa a watan Yuni, maniyyata suka tashi a ƙarshen bazara, suka dawo damina ta kankama, lokacin da iskar kudu maso yamma take da ƙarfi, wato lokacin da ya fi dacewa a ga babban jirgi ya zagayo ta kan gonaki. Wannan damar tana ƙarewa a hankali. Zuwa 2030 Arfa za ta faɗo a Afrilu, bayan 'yan shekaru kuma jigilar za ta koma cikin hunturu, kamar yadda take a Janairun 1973, lokacin da jirgin Boeing 707 da ya ɗebo alhazai daga Jidda zai kai su Legas ya karkato Kano saboda rashin kyan yanayi, ya yi hatsari wajen sauka ranar 22 ga watan, mutum 176 suka rasu. Na'urori sun ci gaba ƙwarai tun daga wancan zamanin, amma hazo bai canja hali ba, har yanzu yakan sa a soke tashi ko a karkatar da jirgi zuwa wani gari. Idan jigilar ta koma can, manyan jirage za su riƙa shigowa Katsina ta kan unguwannin kudu suna fuskantar iskar hamada, kuma a ranakun da ƙura ta yi kauri mutanen unguwannin za su ji ƙararsu a kan rufi tun kafin su ga fitilunsu, wani lokacin ma ba za su gan su ba sam.